Siffar ƙararrawa: yadda ake duba ko alƙaluma sun bi rarrabuwar nomal

Akwai wata al'ada da ta yi kaka-gida a tsakanin masu nazarin alƙaluma, musamman ɗalibai masu rubuta kundin bincike. Mutum zai zuba alƙalumansa a kwamfuta, ya danna gwajin Shapiro-Wilk, mai duba ko alƙaluma sun bi siffar ƙararrawa da ake kira nomal, ya leƙa ƙimar p, wato lambar da gwajin yake fitarwa, wadda ƙanƙantarta take nuna alamar sun kauce wa siffar. In ta haura 0.05 sai ya rubuta cewa alƙalumansa nomal ne, ya wuce. In ba ta kai ba sai hankalinsa ya tashi, ya watsar da gwajin da ya yi niyya tun farko. Duka biyun kuskure ne, kuma kuskuren yana ɓata sakamakon bincike da yawa. Ƙimar p ita kaɗai ba ta isa ta yanke wannan hukunci ba. Sai an duba zane da ido, an san abin da ake aunawa, an kuma san takamaiman abin da ake bukata ya zama nomal.

Rarrabuwar nomal tsari ne na yadda lambobi suke bazuwa: mafi yawansu sun taru a tsakiya, suna raguwa a hankali ta dama da ta hagu daidai wa daida, har zanen ya yi kama da ƙararrawa a kife. Lambobi biyu kacal ne suke fayyace ta. Na farko matsakaici, wato inda ƙololuwar take. Na biyu ma'aunin warwatsuwa, wanda ake kira sigma, shi ne yake nuna faɗin ƙararrawar. Da ka san waɗannan biyu ka san komai game da ita. Kusan kashi 68 cikin ɗari na lambobin suna tsakanin sigma ɗaya ƙasa da matsakaici da sigma ɗaya sama da shi. Sigma biyu ta ƙunshi kusan kashi 95, sigma uku kuma kashi 99.7. Mai son kashi 95 cif sai ya yi amfani da sigma 1.96, kuma daga nan ne lambar nan 1.96 da ake yawan gani a lissafin tazarar amincewa, wato iyakokin da ake ƙiyasta ainihin ƙima tana tsakaninsu, ta samo asali.

Ɗauki makin gwajin basira, wanda da gangan aka tsara shi ya zama matsakaicinsa 100, sigmarsa 15. Mutum biyu cikin uku za su faɗa tsakanin 85 da 115. Wanda ya haura 130 bai fi mutum biyu da 'yan kai cikin ɗari ba.

Abin da ya fi muhimmanci a lura da shi shi ne saurin da jelar ƙararrawar, wato bakinta na dama ko na hagu, take sirancewa. Lambar da ta yi nisan sigma uku, ta kowane ɓangare, takan zo sau ɗaya cikin kusan 370. Mai nisan sigma huɗu, sau ɗaya cikin kusan 16,000. Mai nisan sigma biyar, sau ɗaya cikin kusan miliyan 1.7. Saboda haka idan kana da lambobi ɗari biyar ka ga uku daga cikinsu sun zarce sigma huɗu, ba ka bukatar wani gwaji ya gaya maka cewa akwai magana.

Abraham de Moivre ne ya fara fito da lissafin a 1733, yana neman hanya mai sauƙi ta ƙiyasta sakamakon jefa kwabo sau da yawa. Gauss ya yi amfani da shi a 1809 wajen bayanin kurakuran awon taurari, shi ya sa har yau wasu suke kiranta da sunansa. Laplace kuma a 1810 ya kafa hujjar da ta bayyana dalilin da ya sa siffar take yawan ɓullowa: idan abu ya samu ne daga haɗuwar ƙananan dalilai masu yawa, kowanne yana ƙara kaɗan ko ya rage kaɗan, ba wanda ya rinjayi saura, jimillarsu takan karkata zuwa siffar ƙararrawa. Tsawon manya na jinsi ɗaya yana kusa da haka. Kuskuren na'urar awo ma haka.

Sunan nomal yana ruɗar mutane. Suna ɗauka cewa duk alƙaluman da ba su bi wannan siffa ba suna da aibi. Sam ba haka ba ne. Kuɗin shigar jama'a, kwanakin da majiyyaci yake yi a asibiti, lokacin da na'ura take ɗauka kafin ta lalace, yawan ƙwayoyin cuta a cikin ruwa, duk waɗannan ba za su iya sauka ƙasa da sifili ba, amma sama ba ta da iyaka, don haka jelarsu ta dama takan yi tsawo. Halittarsu ke nan. Wanda ya san abin da yake aunawa yakan san siffar da zai gani tun kafin ya buɗe kwamfuta.

Me ake so ya zama nomal?

A nan ne aka fi yin tuntuɓe, kuma shi ne abin da ya kamata a fara warwarewa kafin a taɓa kowane gwaji.

Idan kana kwatanta rukuni biyu da gwajin t, wanda yake gwada matsakaicinsu, sharaɗin yana kan kowane rukuni shi kaɗai. Ka haɗa rukuni biyu masu matsakaici daban a zane ɗaya, za ka iya ganin tudu biyu, gwaji ya ce ba nomal ba ne, alhali kowannensu lafiya lau yake. Hasali ma, gwargwadon girman bambancin da kake nema, gwargwadon lalacewar siffar in an gauraya su. Idan awo biyu ne a kan mutum ɗaya, kafin magani da bayansa, abin dubawa shi ne bambancin da ke tsakanin awon biyu, ba awon farko ko na biyu ba. A lissafin rigireshan kuwa, wanda ake hasashen wani abu daga wasu abubuwa, sharaɗin yana kan ragowa, wato tazarar da ke tsakanin abin da lissafin ya hasasa da abin da aka gani a zahiri. Abubuwan da ake hasashe da su ba a bukatar su zama nomal ko kaɗan. Ɗaya daga cikinsu zai iya zama jinsi, mai ƙima biyu kacal. To ta yaya zai yi siffar ƙararrawa? Don haka sai an gama lissafin, a ciro ragowar, sannan a duba.

Bayan wannan akwai wani abin. Gwajin t da danginsa ba su damu da siffar lambobin ɗaiɗaiku ba kamar yadda suka damu da siffar matsakaicinsu. Hujjar Laplace ta nuna cewa matsakaicin samfur yana matsowa kusa da nomal yayin da samfurin yake girma, ko da asalin lambobin a karkace suke. Ana iya lissafa saurin matsowar da ma'aunin karkata, lambar da take nuna yadda jela ɗaya ta fi ɗayar tsawo: karkatar matsakaici daidai take da karkatar lambobin a raba da saiwar n, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da yawan samfurin. Lambobi masu karkata 2, a samfur na 100, matsakaicinsu karkatarsa 0.2 ce kawai. Amma masu karkata 6 a samfur na 30, matsakaicinsu yana nan da karkata kusan 1.1, wadda ba ƙarama ba ce. Wannan ya sa maganar nan da ake yawan maimaitawa, cewa da samfur ya kai 30 shi ke nan, ba abar dogaro ba ce. Talatin ta isa idan karkatar kaɗan ce. William Cochran ya ba da ƙa'idar da ta fi wannan amfani: samfurin ya wuce 25 sau karkata sau karkata. Karkata 2 na bukatar fiye da 100, karkata 6 na bukatar fiye da 900.

Sai dai wannan rangwame na masu neman matsakaici ne kawai. Idan aikinka shi ne fitar da iyakar da kashi 95 na mutane lafiyayyu suke faɗawa a wani awon jini, ko hasashen inda lamba ɗaya ta gaba za ta faɗa, ko ƙiyasta yawan kayan da za su fita daga ma'auni a masana'anta, girman samfur ba zai cece ka ba. A nan siffar lambobin kansu, musamman jelarsu, ita ce komai.

Dubawa da ido

Fara da lambobi uku: matsakaici, lambar tsakiya, da sigma. Lambar tsakiya ita ce wadda take tsakiyar jeri in an jera lambobin daga ƙarami zuwa babba. A rarrabuwar nomal ita da matsakaici ɗaya suke. In matsakaici ya ɗara ta sosai, jelar dama ce take jan sa. Ga kuma wata dabara mai sauri ga abin da ba ya sauka ƙasa da sifili: cire sigma biyu daga matsakaici. Idan amsar ta faɗa ƙasa da sifili, da wuya alƙaluman su zama nomal, domin siffar ƙararrawa za ta bukaci wasu lambobi su zauna a wurin da ba zai yiwu ba. Da wannan kaɗai za ka iya gane karkata a rahoton wani, ba tare da ka ga alƙalumansa ba.

Sai zanen histogiram, wato zanen ginshiƙai da tsawon kowanne yake nuna yawan lambobin da suka faɗa a tazararsa. Amfaninsa shi ne yana nuna tudu biyu, ko tarin lambobi a sifili, ko inda na'ura ta kai iyakarta ta daina ƙirga. Rauninsa kuma shi ne siffarsa tana canzawa da faɗin ginshiƙan. Ka zana shi da ginshiƙai 6, ka sake da 12, ka sake da 25. Abin da ya tsaya a duka ukun shi ne gaskiyar alƙaluman. Da lambobi ƙasa da 30 histogiram ba ya faɗin abin kirki.

Zanen Q-Q, mai kwatanta lambobinka da waɗanda nomal za ta bayar, ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma ya cancanci a fahimci yadda ake gina shi da hannu, ko sau ɗaya ne. Ga lambobi goma na misali, an riga an jera su: 12, 13, 13, 14, 15, 15, 16, 18, 21, 29. Matsakaicinsu 16.6, lambar tsakiya 15, sigma 5.1. Kowace lamba a ba ta matsayi: a cire 0.5 daga lambar jerinta, a raba da 10. Ta farko ta sami 0.05, ta biyu 0.15, haka har ta goma ta sami 0.95. Sai a nemo ƙimar z ta kowane matsayi, wato yawan sigmar da yake nesa da matsakaici, a teburin nomal, ko da NORM.S.INV a Excel. Matsayin 0.05 yana ba da −1.645, na 0.45 yana ba da −0.126, na 0.95 kuma 1.645. A zana z a kwance, lambobin a tsaye. Da nomal ne, ɗigogin za su jeru a kan miƙaƙƙen layi.

Yanzu kwatanta. Da nomal ne, ƙaramar lamba za ta kasance wajen 16.6 a cire 1.645 sau 5.1, wato 8.2. Amma 12 muka gani, ta fi abin da ake tsammani. Babbar za ta kasance wajen 25, muka ga 29, ita ma ta fi. Ta biyar kuwa ana tsammanin kusan 16, muka ga 15, ta gaza. Bakin hagu a saman layi, tsakiya a ƙasa, bakin dama a sama: zanen ya lanƙwashe kamar ƙwarya a buɗe. Wannan ita ce alamar karkata dama. In ya lanƙwashe a kife, karkata hagu ce. Idan bakin hagu ya nutse ƙasan layi, na dama ya tashi sama, jelunan sun yi nauyi, ma'ana lambobi masu nisa sun fi yadda nomal ta yarda yawa, kuma wannan ya fi hatsari ga gwaje-gwaje. Akasin haka jela ce mara nauyi, wadda ba kasafai take cutarwa ba. Ɗigogin da suka yi matakala suna nuna an dunƙule lambobin zuwa cikakku, ko kuma ƙimomin da za su iya fitowa ba su da yawa. Ɗigo ɗaya ko biyu da suka ware can gefe alhali saura suna kan layi, baren lambobi ne, ba matsalar siffa ba ce.

Sabon mai dubawa yakan tsorata da kowace 'yar karkacewa. Maganin wannan shi ne ya sa kwamfuta ta ƙirƙiro samfura na nomal na gaske masu girman nasa, kamar guda goma sha biyu, ya zana Q-Q ɗin kowanne, ya ajiye nasa a cikinsu. Zai ga yadda samfurin nomal mai lambobi 20 yake rawa a bakuna biyu. In nasa ya saje da su, ba abin damuwa. In ido ya tsamo shi nan take, to da gaske ya bambanta. A ganina ba wata hanya da take horar da ido kamar wannan.

Zanen akwati, wanda akwatinsa yake ƙunshe da rabin lambobin da ke tsakiya, shi ma yana taimakawa, amma a san iyakarsa. Yana ware duk lambar da ta wuce ninki 1.5 na faɗin akwatin daga gefensa. A rarrabuwar nomal wannan iyaka tana wajen sigma 2.7, don haka kusan lambobi 7 cikin 1,000 za su fita waje ba tare da wani laifi ba. Goge su don kawai zane ya ware su ɓarna ce.

Karkata da nauyin jela suna da ma'aunansu na lamba. A nomal karkata sifili ce, ma'aunin jela, wato katosis, kuma 3. A yi hattara a nan: Excel da SPSS suna cire 3 ɗin kafin su nuna, don haka nomal a wurinsu sifili ce, Stata kuwa tana barin 3 yadda take. An sha ganin rahoton da aka karanta lambar wannan da ma'aunin wancan.

Gwaje-gwajen da abin da suke iya faɗa

Samuel Shapiro da Martin Wilk sun wallafa gwajinsu a 1965. A taƙaice yana auna yadda ɗigogin Q-Q suka kusanci miƙaƙƙen layi, ya ba da lamba W wadda ba ta wuce 1. A cikin gwaje-gwajen gama-gari shi ne ya fi kaifi a mafi yawan yanayi. A manhajar R, shapiro.test yana karɓar lambobi daga 3 zuwa 5,000. Gwajin Anderson-Darling yana ba jela nauyi na musamman, don haka ya dace da wanda damuwarsa ke can. Na Jarque-Bera, na 1980, ya haɗa karkata da katosis a lamba ɗaya da in ta haura 5.99 ake watsi da nomal, amma sai samfur ya yi girma yake aiki daidai.

Na Kolmogorov-Smirnov yana da tarko. An gina shi ne bisa sharaɗin cewa an san matsakaici da sigma tun daga waje. Idan ka lissafo su daga alƙaluman da kake gwadawa, ka riga ka ɗinka ƙararrawar daidai jikinsu, sai ƙimar p ta kumbura, gwajin ya riƙa wanke alƙaluman da bai kamata ya wanke ba. Hubert Lilliefors ya gyara wannan a 1967. In ba da gyaransa ba ne, a bar gwajin.

Duk waɗannan gwaje-gwaje suna farawa ne da zaton cewa alƙaluman nomal ne, sannan su nemi hujjar rushe zaton. Ƙimar p babba tana nufin ba a sami isasshiyar hujja ba. Rashin hujja kuwa ba shaida ba ce ta cewa nomal ne. Lissafi zai nuna inda matsalar take. Kuskuren ƙiyasin karkata kusan abin da ake samu ne in an raba 6 da n, sannan aka ɗauki saiwar amsar. A samfur na 20 wannan ya kai wajen 0.5, don haka karkata 1, wadda babba ce, da ƙyar take kai ninki biyu na kuskurenta, gwaji zai iya barinta ta wuce. A samfur na 10,000 kuskuren ya koma 0.024. Karkata 0.1, wadda ido ba zai gani a histogiram ba, ta zama ninki huɗu na kuskurenta, lambar Jarque-Bera ta kai 16.7, gwaji ya yi watsi da nomal. Ke nan a ƙaramin samfur, inda karkata take iya ɓata sakamako, gwajin ba ya gani sosai. A babban samfur, inda hujjar Laplace ta riga ta ba da kariya, yana ƙorafi a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ya amsa tambayar ko akwai bambanci da nomal, alhali tambayar mai bincike ita ce ko bambancin ya kai ya cutar da aikinsa.

Ƙari a kan haka, wanda ya gwada abubuwa 20 da dukkansu nomal ne, kuma ba su da alaƙa da juna, yiwuwar aƙalla ɗaya ya faɗi a ma'aunin 0.05 ta kai kashi 64 cikin ɗari.

Idan an tabbatar alƙaluma sun kauce, abu na farko shi ne neman dalili. Koma ga takardun asali. Ɗigon goma da ya zame, gram da aka rubuta a gurbin kilogram, lambar 999 da aka sa a madadin amsar da babu, waɗannan suna yawan faruwa, kuma gyaransu ba ya bukatar wani lissafi. Tudu biyu yakan nuna rukuni biyu ne a gauraye, ko na'ura biyu, ko masu awo biyu. Lambar da aka tabbatar gaskiya ce ba a goge ta. A yi lissafin da ita, a sake yi ba ita, a faɗi duka biyun.

In karkata dama ce ta asali, logaridim, sauyin lissafi da yake matse manyan lambobi fiye da ƙanana, yakan miƙar da ita, musamman ga abubuwan da suke girma ta hanyar ninkuwa. Sai dai ba ya karɓar sifili ko abin da ke ƙasa da shi, kuma ƙara 1 kafin a ɗauka, kamar yadda ake yawan yi, yana sa sakamako ya dogara da ma'aunin da aka yi awon da shi. Sannan fassara tana canzawa: bambancin da aka samu ya zama na ninki, kamar a ce wannan rukuni ya fi wancan da kashi 20 cikin ɗari, kuma matsakaicin da aka mayar ya fi kusa da lambar tsakiya. Hanyar Box da Cox ta 1964 tana zaɓo sauyin da ya fi dacewa, amma gara a tsaya a kan wanda za a iya yi wa mai karatu bayaninsa.

Gwaje-gwajen jeri, masu aiki da matsayin lamba a jeri maimakon ƙimarta, irin su Mann-Whitney da Wilcoxon da Kruskal-Wallis, ba sa bukatar nomal, kuma sun fi ƙarfi idan jela ta yi nauyi. Amma tambayarsu daban ce. Mann-Whitney yana duba ko lamba daga wannan rukuni takan fi ta wancan, ba ya kwatanta matsakaici, kuma ba ya kwatanta lambar tsakiya sai in siffar rukunan biyu iri ɗaya ce. Wanda yake lissafin jimillar kuɗin da magani zai ci matsakaici yake bukata, ko da a karkace alƙaluman suke, kuma a nan hanyar butstiraf ta Bradley Efron, ta 1979, wadda ake sake ɗibar samfur daga cikin samfur sau dubbai, ta fi dacewa. Ƙirge-ƙirge da amsoshin e ko a'a kuwa suna da nasu lissafin, na Poisson da na lojistik, ba sai an tilasta musu shiga ƙararrawa ba.

Akwai sharuɗɗa biyu da ake mantawa da su saboda an shagala da nomal. Ɗaya shi ne daidaiton warwatsuwa tsakanin rukunai. Idan sigma ta bambanta kuma girman rukunan ma ya bambanta, gwajin t na asali yana kuskure sosai, maganinsa kuma shi ne a yi amfani da na Welch, wanda ba ya bukatar sigmar rukunan ta zama ɗaya, tun daga farko. Ɗayan shi ne 'yancin lambobi daga juna. Awo biyar a kan mutum ɗaya ba mutum biyar ba ne, ɗalibai talatin na aji ɗaya ba su zama shaidu talatin masu zaman kansu ba. Ƙara yawan samfur yana rage illar karkata, amma ba ya taɓa wannan matsala ko kaɗan, kuma zanen Q-Q ba zai nuna ta ba. Ana gano ta ne ta zana ragowar bisa jerin lokacin da aka tattara su, ko bisa aji, asibiti ko na'urar da suka fito, a ga ko maƙwabta suna bin juna.